Tayar da Tsohon Babur: Jagora ga Masu Sha'awa a Lafia

A 'yan shekarun nan samarin Lafia sun fara waiwayar baburan iyayensu. Wani zai ga CD175 na mahaifinsa jingine a zaure, ƙura ta rufe shi, sai ya ji yana son ya sake jin ƙararsa. Wani kuma Vespa zai tsinta wajen 'yan gwangwan, saura ƙiris a sare ta a ɗora a sikeli. Wannan sha'awa tana faranta mini rai ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne kusan kowa hanya ɗaya yake bi: ranar farko a zuba fetur a hau kik da ƙarfin tsiya, mako na biyu a kai wa mai fenti. Daga baya a turo mana babur yana ƙyalli, injin ya buga, birki babu, takarda babu. Kuɗin da ya kamata ya shiga cikin injin ya ƙare a kwalliya. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta tsarin aikin yadda yake bin juna.

Yana da kyau ka san abin da ke hannunka. Yawancin waɗannan babura sun shigo gidajenmu ne bayan rahoton Udoji na 1974 ya kawo ƙarin albashi, lokacin da malamin makaranta da malamin gona da ma'aikacin asibiti suka sami halin ajiye keke. Honda ta yi CD175 daga 1967 zuwa 1979, sannan Road Master ya biyo baya. A 1979 aka kafa kamfanin Honda na Nijeriya a Ota, Jihar Ogun, kamfanin Boulos kuma yana harhaɗa Suzuki a Legas. Ƙaramin Honda ɗin nan mai garkuwar ƙafa, C50 da C70 da C90, asalinsa Super Cub ne na 1958, wanda ya zuwa 2017 an ƙera miliyan 100. Vespa ta girme su duka, tun 1946 kamfanin Piaggio ke yin ta a Italiya. Sai Yamaha YB100 da Suzuki A100, dokin ƙauye kafin Jincheng da Bajaj Boxer su mamaye titi. An yi su ne don mai shi ya iya gyarawa da hannunsa, kuma har yau suna gyaruwa in an bi su a hankali.

Kayan aiki

Ba sai ka buɗe gareji ba. Ka tanadi sifana da soket masu lamba 8, 10, 12, 14 da 17, da sifanar fulogi, da filaya, da gudumar roba. Ka nemi sukudireban duka, wanda ake dafa shi a kan sukuru a buga masa guduma. Wannan kada ka yi masa rowa, domin kan sukurun baburan Japan ya ɗan bambanta da na sukudireban kasuwa, kuma da ka matsa da hannu sai ya cinye. Sai ma'aunin tazara mai siraran ƙarafa, da abin zare maganeto daidai da irin babur ɗinka, da ƙaramar mitar gwada wuta. Ƙara da kananzir, giris, tsumma mai tsabta, tsohon buroshin haƙori, ledoji da gwangwanaye, da wayar da za ka ɗauki hoto. Wurin aiki ya zama mai inuwa da daɓen siminti. Ƙaramar washa in ta faɗa cikin yashi, ta tafi ke nan.

1. Takardu kafin sifana

Kada ka kashe ko kwabo sai ka duba lambar shasi da lambar injin, ka gwada su da abin da ke rubuce a takarda. In ka ga alamar an goge lamba ko an sake bugawa, ka haƙura da babur ɗin komai arharsa. Satar babur ba baƙon abu ba ne a yankinmu, kuma wanda aka kama abu a hannunsa shi ke amsa tambaya.

Da yawa daga cikin tsofaffin baburan Lafia suna ɗauke da lambar tsohuwar Jihar Filato, tunda sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa. Wannan ba laifi ba ne, amma ba za ka hau titi da ita ba. Ka rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu. In takardun asali sun ɓata, a yi rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda, sannan ka je ofishin lasisi a yi maka sabuwar rajista. Tsohuwar lambar kuwa ka adana ta, tarihi ce. In babur ɗin na gado ne, ka zauna da 'yan'uwa a daidaita tun yana mushe. Babur da ba wanda ya kula da shi shekara ashirin, ranar da ya tashi kowa zai tuna yana da rabo a ciki.

2. Hoto, sannan kwancewa

Ka wanke shi da kananzir da buroshi, ka ɗauki hoto ta kowane gefe, musamman inda wayoyi da kebul suka bi. Duk abin da ka kwance, notinsa su shiga leda guda, ka rubuta suna ka jefa ciki. Yau kana ganin za ka tuna. Bayan wata biyu ba za ka tuna ba.

Kada ka jefar da komai. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yi mini ciwo. Yaro zai cire kafiretar asali ta Keihin ko Mikuni don ta toshe, ya sayo sabuwa mai arha ya ɗaura, ya sayar da tsohuwar a gwangwan. Tsohuwar wanki kawai take so, kuma za ta ga bayan sababbi uku. Haka fitila, agogon gudu, murfin tanki da tambarin gefe. Darajar tsohon babur tana cikin waɗannan ƙananan abubuwa, kuma su ne ba a samu. Fistin da ringi da gaskit za ka samu a kasuwa, ko a aiko maka daga Nnewi. Kayan jiki na asali kuwa sai ka bi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko ka sayi wani mataccen irinsa ka riƙa cira.

3. Kada ka taka kik tukuna

Injin da ya shekara goma a ajiye, silindarsa a bushe take, wataƙila ringi ya manne da tsatsa. A Lafia abin ya fi Kano ko Katsina muni, saboda damina tana da tsawo, daga wajen Afrilu har Oktoba, iska kuma da laima. Ka cire fulogi, ka zuba cokali biyu na baƙin mai gauraye da kananzir ta ramin, ka bar shi ya kwana biyu ko uku. Sannan ka sa giya ta ƙarshe, ka riƙa girgiza tayar baya gaba da baya da hannu, a hankali. In ya motsa, alhamdu lillahi. In ya ƙi, ƙara mai ka ƙara jira. Wanda ya hau kik da nauyin jikinsa, ko dai ya karya ringi ya kankare silinda, ko ya cinye haƙoran sandar kik ɗin, wadda samunta aiki ne.

Da ya saki, ka juye tsohon mai a faranti mai tsabta ka dube shi a rana. In ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga. In kana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe, akwai abin da ke cin ɗan'uwansa a ciki, kuma dole a buɗe.

4. Tanki da kafireta

Haska tocila cikin tanki. Tsatsar da ka gani, duk za ta gangaro kafireta ranar da ka fara hawa. Ka cire tankin da famfon mai, ka toshe ƙofar, ka zuba noti kamar cikin hannu guda da ɗan kananzir, ka yi ta girgizawa har ɓawon tsatsar ya saki. Ƙirga notin kafin ka zuba, ka ƙirga bayan ka juye. Daga nan ka cika shi da ruwan khal ya kwana ɗaya ko biyu, ka ɗauraye, ka shanya a rana har ya bushe ƙayau, ka zagaya cikinsa da ɗan mai nan take, in ba haka ba kafin magariba sabuwar tsatsa ta fito.

In tankin yana yoyo, kada ka kai shi wurin mai walda yana warin fetur. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne ke fashewa. A wanke shi da ruwa da sabulu sau da yawa, kuma wanda ya saba aikin tanki ne kaɗai zai sa masa wuta.

Kafireta kuwa a kwance ta gaba ɗaya, a jiƙa ƙarafanta, a ware robobi gefe. Ƙananan ramukan jet an auna su ne daidai da abin da injin ke sha. Masu soka allura ko wayar birki suna faɗaɗa ramin, sai babur ya koma shan mai yana baƙin hayaƙi, a rasa dalili. Ka busa da iska, in ya ƙi ka yi amfani da silin wayar tagulla guda ɗaya mai laushi. Ɗaga jet ɗin sama ka ga haske ya ratsa zagaye sosai. Girgiza fulot kusa da kunne: in ka ji motsin mai a ciki, ya huje. Sukurun iska ka mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa, ka dawo da shi wajen juyi ɗaya da rabi, sauran daidaitawa sai injin ya yi zafi.

Matatar iska dole ce. Na sha ganin an cire ta wai don babur ya yi numfashi. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta cinye sabon ringi. Kuma ka sa ƙaramar matatar mai a tiyo, ka guji man bumburutu in da hali. Gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ya nuna wa kowa irin ɓarnar da mai marar kyau ke yi, balle ga tsofaffin robobi.

5. Wuta

Yawancin waɗannan babura batir mai bolt 6 suke amfani da shi, ba 12 ba, kuma kontak ne ke raba musu wuta. Samarin makanikai da suka tashi a zamanin Boxer da roba-roba, wasunsu ba su taɓa saita kontak ba, don haka abu na farko da za su ce maka shi ne a canza komai zuwa na zamani. Ni ban goyi bayan haka ba sai in babu makawa. Kontak ba ya mutuwa farat ɗaya a daji. Yana ba ka alama, kuma da ɗan sukudireba da takardar yashi za ka iso gida.

Ga yadda ake yi a Honda. Goge bakin kontak har ya yi sumul, ka ja farar takarda a tsakani don cire maiƙo. Juya injin har kontak ya buɗe iyakar buɗewarsa, ka saita tazarar tsakanin milimita 0.3 da 0.4. A jikin maganeto akwai alamomi biyu, F da T. Kontak ya fara buɗewa daidai lokacin da F ta zo kan alamar da ke jikin injin. Don ka gane lokacin, sa siririyar takarda a bakin kontak kana ja a hankali kana juya injin. Inda ta saki, nan ne. In wuta ta yi gaba, kik zai riƙa dukan ƙafarka, injin ya yi zafi. In ta yi baya, babur zai yi nauyi, salansa ta yi ja. Tazarar fulogi kuma milimita 0.6 zuwa 0.7. Babur da ke tashi lafiya da safe amma ya fara tari in ya yi zafi, a fara zargin kondensa ko koyil kafin a taɓa kafireta.

Bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, domin ɓera yana son su. Kankare duk inda waya ta kama jikin shasi har ƙarfe ya fito, rabin matsalar fitila daga nan take. Kada ka hau babu batir, ƙwan fitila zai yi ta ƙonewa in ka ja totur. Ruwan batir in ya ragu, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba.

6. Cikin injin da sha'anin mai

A nan baburan suka rabu gida biyu, kuma rashin sanin bambancin ya kashe injina da yawa.

Honda CD175, Road Master da su C70 masu bugu huɗu ne: fetur daban, baƙin mai daban. Ana saita tafet ɗinsu injin yana sanyi, alamar T tana kan saiti, fistin yana sama bawul biyu a rufe. A C70 da CD175 tazarar milimita 0.05 ce. Mutane suna son su matse tafet don injin ya yi shiru. Ɗan ƙas-ƙas ba ya kashe injin, amma bawul ɗin da aka matse ba ya zama ya huce, ƙonewa yake yi. Waɗannan injina ba su da matatar mai ta takarda. Suna da 'yar raga, da wani ƙoƙo mai juyawa wanda ke tara datti a bangonsa. Buɗe shi za ka tarar da baƙin laka ya daskare, wani tun zamanin Shagari ba a taɓa shi ba. Ka kankare shi tas. Ka zuba man babur mai kauri irin 20W-50, domin kuloci a cikin man yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi. Man juye na kan titi kada ya kusanci injin da ka sha wahala a kansa.

Vespa, YB100 da A100 masu bugu biyu ne: mai yana ƙonewa tare da fetur, shi ne hayaƙin da kake gani. Vespa irin su PX, wadda ta fito a 1977, in ba mai famfon da ke aika mai da kansa ba ce, ana haɗa mata mai a cikin fetur kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 a kowace lita. Ka sami sirinji ko ƙaramin murfi da ka auna, ka daina zubawa da ido. Kuma man bugu biyu na ainihi, ba baƙin man mota ba, wanda ke toshe salansa da gawayi. Akwatin giyarta yana da nasa man daban, SAE 30, kimanin rubu'in lita, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

Yamaha da Suzuki suna da famfon da ke aika mai da kansa daga ƙaramin tanki. Al'adar da ta yaɗu ita ce a cire famfon a koma haɗawa a tanki. A Suzuki wannan ganganci ne, domin famfon yana kai mai kai tsaye ga boris ɗin kiranshaf, kuma in aka cire shi boris ɗin zai yi ta juyawa da ƙishi har ya watse. Gyara famfon, fitar da iskar da ke cikin tiyonsa, ka tabbata kebul ɗinsa yana tafiya tare da totur.

In silinda ta kankaru, a kai ta borin. Fistin yana zuwa mataki-mataki, 0.25, 0.50, 0.75, 1.00. Ka sayi fistin tukuna ka kai tare da silindar a yanka daidai da shi, kuma kada ka yarda a tsallake mataki. Kowane mataki rai guda ne na silindar.

7. Birki, taya da sarƙa

Injin da ya tashi yana sa mutum ɗoki, sai ya ce bari in ɗan zaga unguwa. Dakata. Takalmin birki da ya daɗe, fatarsa takan ɓalle daga ƙarfen ta cije taya ana cikin tafiya. Canza gaba da baya, ko da suna da kauri. Ƙurar da ke cikin kwanon birki kada ka busa ta da baki, tsofaffin fatun akwai sinadarin asbestos mai illa ga huhu. Goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kebul ɗin da sili ɗaya ya tsinke a jikinsa ya gama aiki.

Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Mai tsage-tsage a gefe, ko zanenta bai goge ba, a cire. Ƙwanƙwasa sifok da sifana ɗaya-ɗaya, wanda ya yi ƙarar rauni ya saki. Masu Vespa su kula: wilinta gida biyu ne da aka haɗa da noti, a sace iska gaba ɗaya kafin a kwance su. Sarƙa da siforaket tare ake canza su, a bar mata wasa kamar santimita 2.

8. Fenti

Sai yanzu. Kuma kafin ka kankare, wanke fentin asali ka goge shi da man goge mota ka gani. Fentin kamfani da ya ɗan koɗe ya fi sabon feshi mai kauri daraja a wurin duk wanda ya san babur. Ƙarfe mai ƙyalli da ya yi ɗigon tsatsa, takardar alminiyam da ruwa suna fitar da shi ba tare da karce ba. In dole sai an yi feshi, a rufe lambar shasi, a yi shi da rani, ba ranar da hadari ya haɗu ba. Vespa ita jikinta ne shasinta, don haka ruɓewar wurin ajiye ƙafa ba maganar kwalliya ba ce. A yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe, kada a cike da fila a rufe da fenti.

9. Hawa da kulawa

Injin da aka yi wa borin yana son lallashi na kilomita 500 zuwa 1,000: kada totur ya wuce rabi, kada ka ɗauki buhun doya, kada ka riƙe gudu ɗaya na dogon lokaci. Ka juye mai bayan kilomita 300 na farko, ka sake duba tafet da noti. Hanyar Doma da sassafe ta dace da wannan, kafin rana ta buɗe. In ka dawo, cire fulogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa, lafiya. Baƙi mai gawayi, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ne mai hudar fistin, kada ka sake hawa sai an gyara.

Babban titin Akwanga zuwa Makurdi da ya ratsa Lafia na tirela ne da motocin haya masu gudu. Birkinka na zamanin da ne, ka ninka tazarar da kake bari, musamman bayan ruwan sama ko in ka ratsa kududdufi. Gangaren tsaunin da ke tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon yana da nasa hukunci. Mai Honda ya sauko da ƙaramar giya, injin ya taimaki birki. Mai Vespa da ke haɗa mai a tanki ya sani cewa in ya rufe totur ya bar giya tana jan injin a doguwar gangara, ya yanke wa fistin mai ke nan alhali yana gudu. Ya riƙa kama kuloci yana ɗan ba ta wuta lokaci-lokaci. Ƙananan tayoyinta kuma ba sa son yashi da rami, a shiga layukan unguwa da damina a hankali. Hular kwano kuwa tun 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta, kuma ko ba doka, ban ga dalilin da mutum zai lallaɓa tanki wata uku ya bar kansa a buɗe ba.

Ka riƙa juye mai duk kilomita 1,000 zuwa 1,500, ka wanke matatar iska akai-akai da hunturu, sarƙa ta sha mai duk mako. A aljihun babur kada a rasa fulogi, sifanarsa, kebul ɗin kuloci da mahaɗin sarƙa. In za ka ajiye shi fiye da wata guda, rufe famfon mai ka bar injin ya shanye na kafireta har ya mutu da kansa, cika tanki don laima ta rasa wurin zama, cire batir, ɗora shi a kan tsayuwar tsakiya. Ka lulluɓe shi da tsohon zanen gado, ba leda ba, domin leda tana tara gumi a jikin ƙarfe.